Gano Musabbabin Tangarɗar Sauti a Tsare-tsaren Gudanar da Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a yi bayanin abin da yake sa sauti ya yi tangarɗa a kwamfuta, watau ya riƙa yankewa, ko ya yi ƙas-ƙas, ko ya makara, da yadda ake bin sawun matsalar a Windows da macOS da Linux. Batun ya shafi malaman harshe da masu tattara adabin baka ƙwarai, domin hirar da aka ɗauka da wani dattijo, in ta lalace, ba lalle ne a sake samun mai maganar ba.

2.0 Tushen Matsalar

Kwamfuta tana yayyanka sauti zuwa ƙananan ma'aunai, 44,100 a kowace daƙiƙa bisa ƙa'idar faifan CD wanda ya fito a 1982, ko 48,000 bisa al'adar aikin bidiyo. Ana tara ma'aunan a wata 'yar ma'ajiya, katin sauti kuma yana kwashewa a kan kari, ba ya jiran kowa. Alal misali, ma'ajiya mai ɗaukar 256 a kan ƙa'idar 48,000 tana ƙarewa cikin milisakan 5.3, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan manhaja ta makara wajen sake cika ta, sai katin ya tarar da ita wayam, wannan giɓi shi kunne yake ji a matsayin ƙas.

Ana iya faɗaɗa ma'ajiyar zuwa 1,024, wa'adin ya koma kimanin milisakan 21, yankewa ta ragu. Amma an biya da jinkiri ke nan. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka milisakan 21 tamkar mutum ya tsaya mita 7 daga lasifika ne, kuma mai rera waƙa da yake sauraren kansa yana biyan wannan jinkiri sau biyu, a shiga da a fita. A nan ya kamata a lura cewa cika alkawarin lokaci ake nema a wurin kwamfuta. Tana iya yin amfani da kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinta kawai, sauti kuma ya yanke, muddin wani abu ya tare hanya na milisakan 6.

3.0 Windows

Tun fitowar Vista a 2007 aka fitar da aikin gauraya sauti daga cibiyar tsarin, aka kawo hanyar WASAPI mai fuska biyu: ta tarayya, inda manhajoji suke raba kati ɗaya, da ta keɓewa, inda manhaja guda take riƙe shi. Masu aikin situdiyo kuwa sun fi dogara da ASIO na kamfanin Steinberg, wanda yake kauce wa magaurayar Windows ya nufi katin kai tsaye.

Sai dai sau da yawa a kan direbobi laifin yake, watau ƙananan manhajojin da suke sarrafa kayan cikin kwamfuta. Duk lokacin da wani kaya, kamar katin Wi-Fi, ya nemi a kula shi, Windows takan yi abin da ya zama na gaggawa nan take, ta ajiye ragowar a layin da ake kira DPC. Ayyukan wannan layi suna gaban duk wata manhaja ta yau da kullum, har da ta sauti, kome darajar da aka ba ta. Shi ya sa Microsoft ta gargaɗi masu rubuta direbobi kada aiki ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milisakan. Direban da ya riƙe kwamfuta milisakan 8 ya cinye wa'adin ma'ajiya mai 256 gaba ɗaya, ASIO kuma ba shi da maganin wannan. Manhajar LatencyMon takan nuna sunan direban da ya fi daɗewa. Daga nan sai a kashe kayan ɗaya bayan ɗaya, a fara da Wi-Fi, ana saurare. A ganina wannan ya fi sayen sabon katin sauti, abin da jama'a da yawa suke fara yi.

4.0 macOS

A nan hanya ɗaya ce, Core Audio, kuma cibiyar tsarin tana ba aikin sauti wa'adi na musamman, don haka irin waccan matsala ba ta cika aukuwa ba. An fi gamuwa da saɓanin agogo: in an haɗa na'urori biyu su yi aiki tare, kowace tana ƙidaya da nata agogon, a hankali su rabu. Gyaransa yana cikin Audio MIDI Setup. Kazalika, tun da Apple ya fara komawa kan ƙwaƙwalwar M1 a 2020, tsofaffin direbobin cibiya da aka rubuta don Intel ba sa aiki, domin Rosetta 2 ba ta fassara irinsu.

5.0 Linux

Ginin Linux hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ALSA, wanda Jaroslav Kysela ya fara a 1998. A samansa aka ɗora JACK na Paul Davis don aikin ƙwararru, da PulseAudio na Lennart Poettering don amfanin yau da kullum. Shekaru da dama waɗannan biyu suna rige-rigen kati ɗaya, wanda ya riga kamawa ya bar ɗayan shiru. PipeWire na Wim Taymans, wanda Fedora 34 ta ɗauka a 2021, Ubuntu 22.10 kuma a 2022, yana jin harshen kowannensu, ya rage wannan rikici sosai. Tambayar farko ke nan ga mai bincike: wane ne yake riƙe da katin? Ta biyu ita ce ko an ba aikin sauti izinin gabatar sauran ayyuka, domin Linux ba ta ba kowa wannan izini haka kawai. Umurnin pw-top yana ƙirga yawan lokutan da aka saɓa wa'adi. Gyare-gyaren PREEMPT_RT, waɗanda suka daɗe a waje, sun shiga cibiyar Linux 6.12 a 2024.

6.0 Abin da Ba Laifin Tsari Ba

Gurnani mai ɗorewa wanda ba ya yankewa yawanci daga wutar lantarki yake, wadda take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa a Nijeriya. A zare caja, kwamfuta ta koma kan batir. In gurnanin ya ɗauke, to waya ko janareto za a duba. Tangarɗar da take farawa bayan an jima ana aiki kuwa alamar zafi ce, domin kwamfuta takan rage gudunta da kanta in ta yi zafi, musamman da bazara ko in ƙurar hunturu ta toshe fanka. Muryar da ta fito siririya da sauri kuma, an ɗauke ta a kan 44,100 ne aka kunna a kan 48,000, ta ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari. Wannan ana gyara shi ba tare da an sake ɗauka ba, ta hanyar mayar da fayil ɗin kan ƙa'idarsa ta asali.