Saita Fitilun Dandali Tun Daga Kwamfuta

Yau shirin namu zai leƙa bayan fage, wajen masu sa haske ya sauka daidai kan fuskar mawaƙi ko ɗan wasa.

Yadda aka saba, tsani ake kafawa, mutum ya hau yana juya fitila da hannu, wani na ƙasa yana cewa a ɗan ɗaga, a ɗan karkata hagu, to a ɗaure. Har gobe ana yi. Amma tun 1981, da mawaƙan Genesis na Ingila suka fita rangadi da fitilun Vari-Lite masu juya kansu, aikin ya fara komawa kan tebur. Yanzu akwai manhajoji irin su Capture ta Suwidin da WYSIWYG ta Kanada da Vectorworks. A ciki ake zana zauren da awonsa, a jera fitilu, a ga inda hasken kowace zai faɗa tun ba a ɗauko ko ɗaya daga sito ba.

To, a nan ƙwarewa take. Mai zane yana sa alama a inda yake son haske, manhaja ta lissafa juyin kowace fitila. Sabon shiga yakan sa alamar a daɓe, sai takalmi ya sha haske, fuska na cikin duhu. Gwani yana ɗaga ta zuwa tsayin fuska, wajen mita ɗaya da rabi. Akwai kuma tsarin da Stanley McCandless na Jami'ar Yale ya wallafa a 1932: fitilu biyu, dama da hagu, kowace na saukowa da karkatar digiri 45. In fitila ta miƙe bisa kai, ramin ido ya yi baƙi. In ta yi ƙasa da yawa, ta kashe wa ɗan wasa ido, inuwarsa kuma ta hau bango.

Umarnin da ake aika wa fitilu yana bi ta tsarin DMX512 na 1986, wanda kowace hanya a cikinsa ke da mataki 256. Fitilar da ke juyi digiri 540, kowane mataki ya ɗara digiri 2. A nisan mita 10, taku ɗaya kacal zai gusar da haske wajen santimita 37, ya bar fuska ya koma kafaɗa. Shi ya sa ake haɗa hanyoyi biyu, matakan su zama 65,536.

Sai dai kwamfuta abin da aka gaya mata kawai ta sani. A rataye fitila ta juya baya, ko ƙarfen rataya ya gaza tsayin da ke zane, lissafi ya rushe. Masu wayo sukan ajiye kowane wuri da sunansa, misali tsakiyar dandali ko kujerar amarya, ta yadda in an gyara shi sau ɗaya a zaure, duk fitowar da ta dogara da shi ta gyaru.

Don haka masu shirya biki ko wasa, ku buɗe wa mai haske zaure da wuri, ku samo masa wanda zai tsaya a dandali ya gwada.