Tabon da ya ƙi laushi

Jama'ar Zongo da Baguida, idan fatar yaro ta taurare a hannu ko ƙafa kamar ƙirgi, kada a yi saurin cewa kuturta ce ko sammu. Akwai cutar da likitoci ke kira morfiya, kuma ba ta yaɗuwa tsakanin mutane.

Haɗarin yana ƙarƙashin fata. Takan kai ga tsoka da gaɓa, har ƙafa ɗaya ta gajarce. A baƙar fata kuwa jan kumburin ba ya fitowa sosai. Na'urar IRM, mai aiki da maganaɗisu, ita ke nuna zurfin ɓarnar, likita ya san ko man shafawa ya isa ko sai methotrexate. Hoton da tsada, gaskiya. A fara ganin likitan fata a CHU Sylvanus Olympio da ke Tokoin.