Idan Jama'a Suka Tuna Abin da Bai Faru Ba

Ranar Juma'a da daddare, 11 ga Disambar 2020, 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji. Ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Iyakar abin da ke rubuce ke nan. Amma a ɗauko zancen a teburin mai shayi, nan da nan za a rabu. Wani ya ce yaran sun haura ɗari biyar, wani ya ce Boko Haram ce ta kwashe su, kuma kowa zai dafa ƙirji ya ce da kunnensa ya ji. Babu wanda ke ƙarya a cikinsu. Kowa abin da ya tarar a kansa yake faɗa.

Ba wuya a gane inda kowace magana ta samo tushe. A kwanakin farko adadi ya yi ta canzawa, har gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce yara 333 ake nema. Ranar 15 ga wata aka saki muryar Abubakar Shekau, shugaban Boko Haram, yana cewa mutanensa ne suka yi aikin, duniya duka ta ɗauka. Gwamnatin Katsina ta ce 'yan bindigan daji ne, daga baya kuma Auwalu Daudawa, wanda ya ajiye makamai a Zamfara a Fabrairun 2021 kafin ya koma daji a kashe shi, ya amsa cewa shi ya jagoranci ɗaukar. Sai dai muryar Shekau ta riga ta shiga kunnuwa a lokacin da zukata ke tafasa, maganar Daudawa kuwa ta zo bayan ƙura ta lafa. Abin da ya shigo tare da tsoro ya fi kama zuciya.

A ƙasashen Turawa irin wannan ya sami suna, ana ce masa ruɗanin Mandela. Wajen shekarar 2009 wata Ba'amurkiya mai suna Fiona Broome ta ce tana tuna sarai cewa Nelson Mandela ya mutu a kurkuku a shekarun 1980, har tana tuna jana'izarsa a talabijin. Da ta faɗa, sai mutane da dama suka ce su ma haka suka sani. Alhali an saki Mandela ranar 11 ga Fabrairun 1990, ya shugabanci Afirka ta Kudu daga 1994 zuwa 1999, bai rasu ba sai 5 ga Disambar 2013. Daga nan wasu suka kawo fassara mai jan hankali: wai akwai duniyoyi da yawa da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, a wata Mandela ya mutu a tsare, a tamu ya rayu, masu wancan tunani kuma sun zamo ne daga can zuwa nan ba su sani ba.

Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ƙwarai ba. Mun taso muna jin labarin Jangare, garin iskoki da ido ba ya gani, mun kuma yi imani da gaibu. Amma masu wannan fassara ba da gaibu suke kafa hujja ba, da kimiyya suke yi, don haka a ma'aunin kimiyya ya kamata a ɗora su. Gaskiya ne a 1957 wani ɗalibin fiziks a jami'ar Princeton, Hugh Everett, ya kawo ra'ayin cewa a duk lokacin da wata 'yar ƙwayar zarra ke da hanyoyi biyu, dukkansu suna aukuwa, duniya ta rabu reshe-reshe. Har yau akwai manyan masana da ke goyon bayansa, akwai masu ja, kuma babu gwajin da ya tabbatar da shi. Abin da ake tsallakewa shi ne, a lissafin ra'ayin kansa, rassan ba sa haɗuwa bayan sun rabu. Babu ƙofar da mutum zai bi ya tsallako, balle ya taho da tunaninsa.

Akwai kuma tambaya mai sauƙi. Me ya sa ba a Soweto ake samun masu tuna mutuwar Mandela a kurkuku ba, sai a nesa, wurin waɗanda labarin Afirka ta Kudu ke isa gare su gutsure-gutsure? Steve Biko ya mutu a hannun 'yan sanda a 1977. An harbe Chris Hani a 1993, aka nuna gagarumar jana'izarsa a talabijin. Ga wanda ke kallo daga nesa, baƙin mutum ɗan gwagwarmaya da kurkuku da jana'iza suna iya dunƙulewa a kan sunan da ya fi sani.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gane cewa ƙwaƙwalwa ba ta adana abu yadda kaset ke yi. Tun 1932 Frederic Bartlett na jami'ar Cambridge ya nuna cewa in mutum ya maimaita labari, yakan zubar da abin da ya yi masa baƙo, ya cike gurbin da abin da ya saba. Tunani kamar katangar ƙasa yake, wadda ake yi wa yaɓe bayan kowace damina: tana tsaye a inda take, amma rabin ƙasar jikinta daga wani wuri aka ɗebo. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka yi kaca-kaca, wasu kuma lokacin da suka bugi juna. Bayan mako guda, 16 cikin 50 na rukunin farko suka ce sun ga fasasshen gilashi, a rukuni na biyu 7 kawai. Babu gilashin da ya fashe a fim ɗin. Kalma ɗaya a bakin mai tambaya ta dasa shi.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na Amsterdam. Ranar 4 ga Oktoban 1992 jirgin ɗaukar kaya ya faɗa kan wani dogon gini da mutane ke zaune a ciki. Watanni bayan haka masu bincike suka tambayi jama'a ko sun ga hoton bidiyon lokacin da jirgin ya daki ginin. Fiye da rabi suka ce sun gani, wasu har da bayanin yadda wuta ta tashi. Babu wanda ya ɗauki wannan bidiyo. Sun ji labarin sau da yawa, sun zana shi a zuci, daga baya suka kasa raba abin da suka zana da abin da suka gani. Mu da muke cewa gani ya kori ji, ga wurin da ji ya shigo cikin rigar gani.

Ƙasarmu ta tanadi duk abin da wannan ruɗani ke buƙata. An sanar da mutuwar Shekau ko jikkatarsa a 2013 da 2014 da 2016, kafin ya mutu da gaske a Sambisa a watan Mayun 2021. Nan da shekara ashirin, wace mutuwar za a tuna? Zancen cewa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan a 2017 an musanya shi da wani Jubril ɗan Sudan ya yi ƙarfi, har sai da ya ƙaryata shi da bakinsa a Poland a Disambar 2018. Buhari ya rasu ranar 13 ga Yulin 2025, aka binne shi a Daura. A Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka shafe watanni a haka. A wannan tsakani labarin hari yakan fito ne daga baki zuwa baki, a tasha, a kasuwa, a gidan makoki. Kafin ya isa Funtuwa ya bi ta hannu goma, kowane hannu ya ɗan gyara shi da kyakkyawar niyya.

Abin da ya sa nake ganin wannan ya wuce hirar nishaɗi shi ne, a yankinmu tunani yana da sakamako. "Na gan shi tare da su" magana ce da ke iya sa a ƙona ruga, ko a kashe mutum da sunan ɗan leƙen asirin 'yan bindiga. Mai faɗa na iya zama mutumin kirki, yana kuka da gaske, amma fuskar da yake tunawa a majalisa aka ba shi ita. Yawan masu faɗa ba ya ƙara wa magana nauyi idan duk daga rijiya ɗaya suka sha.

Malaman hadisi sun riga mu fahimtar wannan. Ba su tsaya kan gaskiyar mai ruwaya kaɗai ba, sun auna kiyayewarsa. Sun ware maƙaryaci daban, mai gaskiya mai raunin hadda daban, wanda tsufa ya cakuɗa masa abubuwa daban, suna bin ruwaya su ga ko hanyoyinta sun bambanta ko mutum ɗaya suke komawa. Irin wannan tsantseni ne ƙauyukanmu ke buƙata. Duk inda aka kai hari, dagaci da liman da malamin makaranta za su iya rubuta rana da sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka ɗauka a cikin makon, su saurari kowane shaida shi kaɗai kafin a taru, su kuma rubuta a gefen kowace magana ko mai ita gani ya yi ko ji.