Mi Ƙasag Ga Tat Tsinana Muna?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu, daga Nasarawa Burkullu zuwa Bukkuyum, daga tashar motar Anka har bakin gulbi a Gummi. Da an ambaci Najeriya sai wani ya taɓe baki ya ce, "Mi ƙasag ga tat tsinana muna?" A kwashe da dariya, mai shayi ya ƙara dafa wani. Da a nan abin yake tsayawa da ban ɓata tawadata ba. Abin da ya ishe ni shi ne maganar ta tashi daga ƙorafi ta koma fatawa. Da ita ake halasta ɓalle kwanon rufin makaranta a kai gida a rufe turken awaki. Da ita ake kwance farantan solar rijiyar burtsatse cikin dare, gari ya waye mata da yara sun koma ɗibar ruwan gulbi. Da ita ake karɓar taliya da turmin atamfa ranar zaɓe. In ka yi magana a ce maka, "Malam, kayan gwamnati na, ina ruwanka?"

Ba sai an ja dogon bayani kan wane ne ɗan ƙasa ba. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya gama magana: in a nan aka haife ka, kuma ɗaya daga iyayenka ko kakanninka ɗan ƙasa ne, shi ke nan. Masu cewa babu abin taƙama a wurin haihuwa kuma suna da gaskiya, don babu wanda aka yi shawara da shi kafin a haife shi. Kakanninmu ba su san wata Najeriya ba. Zamfara suka sani, wadda ta yi zamaninta a Dutsi da Birnin Zamfara kafin Gobirawa su ci birnin a ƙarni na 18, sarautar ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka. Sun san daular Shehu, wadda Turawa suka ci Sakkwatonta a watan Maris na 1903. Sunan Najeriya wata Baturiya 'yar jarida ce, Flora Shaw, ta kawo shawararsa a 1897, Gwamna Lugga kuma ya haɗe Arewa da Kudu a 1914. Iyakar da ta raba mu da Ƙonni da Maraɗi kuwa, Ingila da Faransa ne suka yi ta jan layinta a takarda tun 1890, har suka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Da layin ya karkato kudu, da yanzu da Faransanci likita yake rubuta maka magani. Don haka mai buga ƙirji yana cewa mu ne giwar Afirka, yana yi wa ɗan Nijar mai ga-ruwa kallon raini, ba shi da hujja, kuma aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta riga ta nuna cewa an rarraba mutane dangi-dangi ne don su san juna, fifiko yana ga tsoron Allah. Sai dai masu irin wannan taƙama sun yi ƙaranci a yankinmu. Tamu cutar kishiyarta ce.

Ba na raina ɓacin ran kowa. Wanda ya binne ɗa a Yargalma ko Dareta ko Abare a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Anka da Bukkuyum, yana da abin faɗa. Haka wanda ya tsere da ƙafa a farkon Janairun 2022, da 'yan bindiga suka bi ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi biyu, gwamnati ta ce mutum 58 suka mutu, mazauna suka ce sun kai 200. Haka manomin da sai an haɗa kuɗi an kai daji kafin ya shiga gonar da ya gada, a sake haɗawa kafin ya girbe. Sashe na 14 na tsarin mulki ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. In da wannan mudu za a auna, an ci amanarmu, babu kwana-kwana. Talauci da rashin aikin yi da ƙarancin karatu duk sun ƙara wa wutar mai.

Kuskuren yana inda aka ɗauki gwamnati aka mai da ita ƙasa, sannan aka ɗauki kishin ƙasa kamar wani tukuici da ake bai wa mai mulki in ya kyauta, a hana shi in ya saɓa. Daga 1999 zuwa yau Zamfara ta ga gwamnoni biyar: Yarima, Shinkafi, Yari, Matawalle, Dauda. Kowa ya zo da jiniyarsa, huɗu sun tafi. Makarantar tana nan inda take, kuma da aka ɓalle kwanonta, wa ruwa ya daka? Na taɓa leƙa irin wannan aji da damina a wani ƙauye. Yara sun cure a kusurwar da rufi ya rage, ƙasa duk kashin awaki, malami yana tsaye ya rungume rajista a ƙirji don kada ta jiƙe. Bencina kuwa kowa ya san inda suke. Suna ƙofar gidajen mutane ana hira a kansu da la'asar, da tambarin hukuma a jikinsu ko gogewa ba a yi ba. Babu ɗan babban mutum ko ɗaya a cikin wancan aji. Wanda ya ɗauke bencin ɗansa ya zaunar a ƙasa, sannan ya hau kai yana zagin Abuja.

Wa ma ya ce kuɗin gwamnati ne? Gwamnati ba ta noma, ba ta kiwo. Kuɗin man fetur ne, da na kwastan, da harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake cira duk lokacin da ka loda kati a waya, ake tarawa a raba kowane wata tsakanin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Abin ya yi kama da magadan da suka ga babban wansu yana cinye amfanin gonar gado, maimakon su kai shi gaban alƙali sai suka cinna wa rumbu wuta, wai sun huce.

Babbar asarar ma ba ta kwano da benci ba ce. Wanda ya ce ƙasar nan ba tasa ba ce ya yafe bashin da yake bi ke nan, kuma babu abin da ɓarawon biro yake so ya ji kamar wannan. A tuna Bagega. Bayan an tsabtace ƙauyuka bakwai daga gubar dalma, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ce ba za su fara bai wa yara magani ba sai an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, don yaron da aka yi wa magani ya koma wasa a cikin ƙasa mai guba aikin banza ne. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗi a 2012, aka yi shiru wata da watanni. Sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal ɗan asalin jihar Kogi, suka ɗauki maganar suka yi ta yayatawa a intanet da gidajen rediyo, ƙungiyoyin waje suka ƙara matsin lamba, har aka saki kuɗin a ƙarshen Janairun 2013 zamanin Jonathan, aka yi aikin, yara suka fara samun magani a wannan shekarar. Me ya haɗa ɗan Kogi da yaran Bagega? Ba dangi, ba gari ɗaya. Ya ga yaran ƙasarsa ne, kuɗin kuma na ƙasarsa ne, don haka yana da bakin tambaya. Da shi ma ya taɓe baki irin namu, da ban san shekarar da za a kankare ƙasar Bagega ba.

Mai ganin zama ɗan ƙasa ba komai ba ne ya tambayi dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka tsallaka jihar Maraɗi tun 2019. Hausa ɗaya, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya, kuma mutanen can sun yi halin girma sun karɓe su. Duk da haka sunansu 'yan gudun hijira. Ba su da ƙuri'a, ba su da wakilin da za su tsare su ce ina haƙƙinmu.

To, ya dace a yi alfahari da ƙasa? A ganina ya dace, in dai a kan aikin da mutanenta suka yi ne kuma kai ma kana shirye ka sa hannu. Likita Stella Adadevoh ta hana mai cutar Ebola fita daga asibiti a Legas a 2014, ta kamu ta rasu, cutar ba ta iso mana nan ba. Matan da suka yi shekaru suna bin gida-gida da akwatin ƙanƙara, ana yi musu gori ana rufe musu ƙofa, su ne suka sa a watan Agustan 2020 aka tabbatar ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka. Ga magidantan Anka da Gummi da Nasarawa da suka buɗe zaurukansu ga waɗanda aka kora daga ƙauyuka, suna raba kwanon dawa ɗaya gida biyu. Ba na buƙatar maganar nan da ake yawan jingina wa Annabi (SAW) cewa son ƙasa yana cikin imani, don malaman hadisi sun ce ba ta inganta ba. Hukuncin cin amana da taɓa dukiyar jama'a ya ishe mu, kuma kowane almajiri ya san shi.

Sai abin yi. A fara da takarda, don hukuma ba ta san wanda ba ta rubuta ba. Duk jaririn da aka haifa a karɓo masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, kada a bari sai zai shiga sakandare a fara rantsuwa a kotu. A yi wa yara da mata lambar NIN. Tun 2021 babu mai rubuta jarabawar JAMB sai da ita, kuma na ga yaro mai ƙoƙari ya rasa shekara guda saboda sunan da ke katinsa ya saɓa da na makaranta. A duba rubutun suna tun a gaban ma'aikaci, harafi-harafi. Katin zaɓe a ajiye shi inda ake ajiye takardar gona, kada a miƙa wa wani ya riƙe, kada a karanta wa kowa lambarsa don an ce za a kawo tallafi.

Sannan a san wanda ake bi bashi. Gummi da Bukkuyum ɗan majalisar wakilai ɗaya gare su, Anka tana tare da Talata Mafara, dukkansu kuma sanatan Zamfara ta Yamma ne nasu. Ga 'yan majalisar jiha, ga shugaban ƙaramar hukuma, ga kansila wanda gidansa ma ka sani. Kason da kowace ƙaramar hukuma take samu ana wallafa shi duk wata, yaron da ke da babbar waya zai iya nemo na Bukkuyum ya karanta wa majalisa maimakon sakamakon ƙwallon Turai. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ku tambaya ina aka kwana. Kowace firamare ya kamata a ce tana da kwamitin iyaye da masu gari, haka ƙaramin asibitin mazaɓa. A shiga, a ƙirga benci da kwano da faranti a rubuta a littafi, liman ya sanar bayan sallar Juma'a cewa duk wanda ke da bencin makaranta a ƙofar gidansa ya mayar cikin dare, ba wanda zai tambaye shi.

Kada kuma a manta Bafulatanin ruga da bai ɗauki bindiga ba ɗan ƙasa ne kamar kowa, sashe na 42 ya hana a ware shi saboda ƙabilarsa. Kashe mutum a kasuwa kan zato yana cikin abin da ya kai mu inda muke. Wanda ake zargi da zama infoma a miƙa shi ga hukuma, a bi sawun maganar har kotu.

In za a kai koke, a daina tafiya da baki kawai. A rubuta, a sa kwanan wata, mutum ashirin ko talatin su sa hannu ko su dangwala yatsa, mata ma su sa nasu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa ma'aikata kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya. A yi kwafi biyu, a sa magatakarda ya buga hatimi a kan naku kafin ku bar ofis, a bai wa mutum ɗaya amintacce ya adana, don zaɓen 2027 yana tafe kuma masu neman ƙuri'a za su zo har zaure.