Yadda Ake Yin Lazanya Ta Cuku A Gida

Ɗalibanmu da dama, musamman 'yan manyan azuzuwa masu ɗaukar darasin girki, sukan dawo daga hutu da tambaya guda. Sun ga hoton wani abinci mai hawa-hawa a wayar yayyensu, cuku yana zarara a kansa, suna so su sani ko yana yiwuwa a gida ko kuwa sai a babban otal. Yana yiwuwa. Amma cuku yana da tsada, kuma wanda ya kashe kuɗin cefanen kwana uku a kan tire ɗaya ba zai so ya buɗe obin ya tarar da fate ba. Mun san haka domin ya taɓa faruwa da mu, shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta abin da muka koya.

Sunan abincin lazanya. A rubuce lasagna ne, amma a harshen Italiya idan g da n suka haɗu sai su ba da sauti irin na "ny". Taliya ce mai faɗi kamar takarda, wadda ake jerawa a tire, ana sa miya da cuku tsakanin kowane hawa, sa'an nan a gasa.

Abincin ya daɗe. Akwai wani littafin girki da aka rubuta da Latin a farkon ƙarni na 14, mai suna Liber de Coquina, wanda masana suke dangantawa da birnin Napoli a kudancin Italiya. 'Yan ƙwallonmu sun san birnin, domin can ne Victor Osimhen ya ci gasar ƙasar tare da ƙungiyarsa a 2023. Littafin ya ce a murza kwaɓin alkama ya yi siriri, a yayyanka, a dafa cikin ruwan gishiri, a jera shi ana barbaɗa gogaggen cuku da kayan ƙamshi a tsakani. Babu nama, babu tumatir. Tumatir daga nahiyar Amurka ya zo Turai a ƙarni na 16. Wani likita mai suna Mattioli ya ambace shi a rubuce a Italiya a 1544, kuma sai a 1692 wani mai kula da girkin manya, Antonio Latini, ya buga yadda ake yin miyarsa a Napoli. Saboda haka kada wanda ya yi lazanya ta cuku zalla ya ɗauka ya yi ta marasa hali. Ita ce ta fi kusa da ta asali.

Yau kowane yanki da irin tasa. A Bolonya, can arewa, ana kwaɓa taliyar da ganye irin alayyafo ta zama koriya, a haɗa da miyar niƙaƙƙen nama da wata farar miya ta madara, man shanu da fulawa. A Napoli kuwa ana yin wata mai nauyi, da ƙananan curin nama, dafaffen ƙwai da cuku iri biyu ko uku, a kwanakin biki kafin Larabar Toka. Iyali sukan ci mai maiƙo su ƙoshi kafin a shiga azumin kwana 40 da ke kaiwa ga Ista. Wadda za mu bayyana a nan ta fi waɗannan sauƙi: taliya, miyar tumatir da cuku kawai.

Kafin mu shiga aiki, ga yadda tamu ta farko ta lalace. Mun markaɗa tumatir da ruwa kamar za mu yi miyar shinkafa, muka tafasa shi kaɗan. Muka dafa taliyar ta yi laushi sarai. Muka zuba cuku da ruwansa. Da tiren ya fito daga wuta, ƙamshi ya hana mu haƙuri, muka sa wuƙa nan take. Abin ya rushe, ruwa ja ya kwanta a gindin tire, muka ci da cokali muna kallon juna. Duk kurakuranmu huɗu abu ɗaya ne, wato ruwa. Magini ya san in laka ta yi ruwa katanga ba ta tsayawa, in kuma ta bushe ƙwarai tubali ba ya kamawa. Haka lazanya take. Wanda ya iya lura da ruwan da ke cikin tumatir, da na cuku, da na taliya, ya iya lazanya.

Mu fara da miya. Don tire mai tsawon santimita 33 da faɗin 23, wanda zai ciyar da mutum 8, ana bukatar nunannen tumatir kamar kilo ɗaya da rabi, albasa babba ɗaya, tafarnuwa ƙwaya 3, da mai cokali 3. Mutanen Italiya da man zaitun suke yi, amma man gyaɗa mai kyau ya wadatar. A soya albasa a kan wuta kaɗan har ta yi laushi ba tare da ta ƙone ba, a sa tafarnuwa, a zuba markaɗaɗɗen tumatir wanda ba a ƙara masa ruwa ba. A sa gishiri da masoro, a bar tukunya a buɗe tana tafasa a hankali kamar minti 30 zuwa 40. Alamar ta yi ita ce, in an ja cokali a gindin tukunya, hanyar da ya bari ba ta rufewa nan da nan. A ƙarshe a tsinka ganyen ɗoɗɗoya kaɗan a jefa. Tamu ta fi tasu ƙarfin ƙamshi, don haka ganye biyar ko shida sun isa. Mun sani wasu ba za su ci abinci ba attaruhu ba. A sa ɗaya, amma in ya yi yawa zai danne ɗanɗanon cukun da aka saya da tsada.

Maganar cuku ce ta fi bukatar bayani. Mu da kalmar cuku mun fi sanin busasshen nan mai faɗi da makiyaya suke yi a Nijar, ko kuma wara, wanda Fulani suke daskarar da madara da ruwan tumfafiya, wanda 'yan'uwanmu a Gana da Binin suke kira wagashi. A Italiya iri-iri ne, kuma uku ne suke shiga lazanya, kowane da aikinsa. Rikota fari ne mai laushi, shi ne yake cika tsakanin hawa. Ma'anar sunan "wanda aka sake dafawa", domin daga ruwan da ya rage bayan an yi wani cuku ake samun sa. Mozarela shi ne mai narkewa yana jan zare. Dalili kuwa, lokacin yin sa ana jan sa ana miƙewa cikin ruwan zafi. Na ukun shi ne farmisan, mai tauri da gishiri, wanda na ainihi sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye kafin a sayar. Shi ɗanɗano yake kawowa.

Ana bukatar rikota rabin kilo, mozarela giram 400, farmisan giram 80. Farmisan ya fi duka tsada, kuma in babu shi lazanya za ta yiwu, sai a ƙara gishiri kaɗan. Mozarela ba shi da makwafi a cikin namu, domin wara ba ya narkewa, ko an gasa shi yana nan yadda yake. Sai dai a nemi mozarela a manyan kantuna, ko wani cuku mai narkewa kamar ceda ko gauda. A zaɓi mozarela mai ɗan tauri da ake sayarwa dunƙule. In mai laushin nan ne da ke zuwa cikin ruwa, a yanka shi a bar shi a rariya ya tsane kamar awa ɗaya. A goge shi da abin goga kuɓewa.

Rikota kuwa ba sai an saya ba, kuma nan ne kuɗi suke raguwa. A sami madarar shanu lita 3, a tafasa ta sosai tukuna, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da na tarin fuka. A sauke, a jira minti biyu ko uku, a zuba ruwan lemun tsami kamar cokali 6 ana juyawa a hankali. Nan da nan za a ga madarar ta tsinke, farin guda-guda yana yawo cikin ruwa mai ɗan rawaya. In ruwan yana da fari har yanzu, a ƙara lemun tsami. Bayan minti 10 a juye a ƙyalle mai tsabta da aka shimfiɗa a rariya, a bar shi ya tsane rabin awa. Za a sami kusan rabin kilo. Madarar gari mai cikakken maiƙo ma tana yi in an dama ta da kauri. Ɗan Italiya zai ce wannan ba rikota na gaskiya ba ne, kuma yana da gaskiya, amma a cikin tire aikinsu ɗaya. Wanda yake da sabon wara yana iya marmashe shi ya tausasa da madara cokali biyu. Ko wanne aka samu, a fasa ƙwai ɗaya a ciki, a sa gishiri, masoro, gyaɗar ƙamshi kaɗan da rabin farmisan. Ƙwan ne zai kama cukun in ya ji wuta, ya hana shi kwarara.

Saura taliya. Ana sayar da ita a kwali, kuma falle 12 sun isa. Amma gidaje da yawa suna da injin murza taliya na hannu, kuma duk wadda ta taɓa yin 'yar murji ta riga ta yi lazanya ba ta sani ba. Wannan falle mai faɗi da yake fitowa kafin a sa shi a bakin yanka, shi ne ita. A kwaɓa fulawa giram 300 da ƙwai 3 da gishiri kaɗan, a murza da hannu minti 10, a rufe ya huta rabin awa, sa'an nan a bi da shi ta inji har ya yi siririn da za a iya hango inuwar yatsa ta bayansa. In babu inji, kwalba mai tsabta da tebur sun isa, sai dai hannu zai gaji.

Kada a dafa ta ta nuna. Ta gida minti ɗaya cikin tafasasshen ruwan gishiri ya isa. Ta kwali a rage minti biyu ko uku daga abin da aka rubuta a jikinsa. A tsame, a shimfiɗa kowane falle daban a kan ƙyalle, domin in sun hau juna za su manne. Muna barin ta da sauran tauri ne don ta ƙarasa nuna a cikin obin tana shan ruwan miya. Akwai irin da aka rubuta a kwalinta cewa ba a dafawa. Wannan ta fi shan ruwa, saboda haka ita kam miyarta kada ta yi kauri sosai, kuma a tabbata miya ta rufe kowane gefe.

Yanzu gini. A shafa miya kaɗan a gindin tire don kada ta kama. A jera falle 3. A shafa kashi ɗaya cikin uku na farin cuku, a bi da miya ludayi ɗaya, a barbaɗa mozarela. A maimaita haka sau uku, kowane karo ana ɗan danna taliyar da tafin hannu. Falle 3 na ƙarshe su ne rufi. A shafe su da sauran miya har kusurwa, domin duk inda miya ba ta kai ba zai bushe ya yi tauri kamar ƙanzo. A zuba sauran mozarela da farmisan a sama. Kuskuren masu farawa shi ne cika hawan ƙasa har na sama ya rasa, don haka gara a raba komai tun farko.

A riga an kunna obin ya kai digiri 190. A rufe tiren da takardar alminiyam, a ɗan ɗaga ta don kada ta taɓa cuku, a gasa minti 25. Rufin yana tsare tururi, shi ne yake ƙarasa dafa taliyar. Sai a cire rufin a ƙara minti 15 zuwa 20, har saman ya yi ja-ja, gefe yana tafasa.

Rashin obin ba ya hana. Iyayenmu na zumuntar mata sun daɗe suna gasa kek na Kirsimeti a babbar tukunya da yashi, kuma dabarar tana aiki a nan. A zuba busasshen yashi mai tsabta a gindin tukunya, a rufe ya yi zafi kamar minti 15, a ɗora kwanon lazanya a kan ƙananan duwatsu uku don kada ya zauna a kan yashin. Wuta ta zama matsakaiciya. Zai ɗauki kusan awa ɗaya. Da yake zafin daga ƙasa yake zuwa, saman ba zai yi ja ba sai an ɗora garwashi a kan murfi a minti 15 na ƙarshe. Mun gwada, kuma wasu cikinmu sun fi son ta haka.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi wuya a gidan da akwai yara. In ta fito, a bar ta minti 15 zuwa 20 kada kowa ya taɓa. A wannan lokaci cukun da ya narke yana sake kamawa, taliya kuma tana shanye sauran ruwa. Bayan haka wuƙa za ta ratsa, yanka ya fito a tsaye, ana iya ƙirga hawa huɗu. A ci da ɗanyen ganye ko kokwamba, domin abinci ne mai nauyi.

In ta rage, kada ta wuce awa biyu a waje, saboda madara da ƙwan da ke ciki. A firiji tana kwana uku, kuma washegari ta fi yankuwa da kyau. A ɗumama ta a rufe, da ruwa cokali ɗaya a gefe, har tsakiyar ta yi zafi sosai. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa kuwa, gara a kira maƙwabta a cinye ta a ranar.