Ɗaliban Kiwon Lafiya a Ƙauyukanmu: Abin da Suke Koyo da Gudummawar da Za Ku Ba Su

Uwaye mata da masu faɗakarwa na gundumar Dakoro,

Wataƙila kun taɓa ganin samari da ƴan mata masu fararen riguna tsaye bayan majo ranar awon yara, suna kallo suna rubutu. Ɗalibai ne daga makarantun horar da ma'aikatan lafiya, irin su ENSP ta Damagaram da ta Yamai, da makarantu masu zaman kansu na Maraɗi. Sun zo koyon aiki ne. A aji an koya musu allura da ɗaurin rauni da sunayen magunguna. Amma akwai darasin da ba ya kammala sai a zaure da tsakar gida, shi ne yadda ake taimaka wa iyali su tsare lafiyar yaro tun ciwo bai kama shi ba. A wannan darasi ku ma malamai ne.

Me ya sa ake koyar da shi?

A taron Alma-Ata na 1978, ƙasashen duniya sun amince cewa jama'a na da haƙƙi da nauyin sa hannu a kula da lafiyarsu. Taron Ottawa na ƙasar Kanada, a 1986, ya bayyana inganta lafiya da cewa ba mutane iko ne a kan abubuwan da ke gyara lafiyarsu ko ɓata ta. Mu a jihar Maraɗi mun ga ma'anar wannan a yunwar 2005, lokacin da cibiyoyin tamowa suka cika da yaran da aka kawo bayan jiki ya riga ya lalace. Yaron da aka gano da wuri yana shan magani a gida, uwarsa na zuwa CRENAS karɓar biskit da awo. Wanda aka makara da shi sai an kwantar da shi a CRENI, uwa ta bar gona da sauran ƴaƴanta, wani lokaci kuma a rasa shi.

Abubuwa uku da ake koya wa ɗalibi

Na farko, ya saurara kafin ya yi magana. Ya tambayi uwa me yaro ya ci jiya, wa ke ba shi abinci idan tana gona, me ya rage a rumbu. Shawarar da ba ta san halin gida ba, a bakin ƙofa take tsayawa.

Na biyu, ya nuna da hannu. Misali awon damtse ga yaro daga wata 6 zuwa wata 59: a sami tsakiyar damtsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a bar hannun ya saki, a zagaya igiyar awo ba tare da an matse ko an sassauta ba. Kore lafiya lau. Rawaya, wato milimita 115 zuwa ƙasa da 125, tamowa ta fara, a je likita. Ja, wato ƙasa da milimita 115, a tafi a ranar. Sannan a danna saman ƙafafu biyu da manyan yatsu na daƙiƙa uku. Idan gurbi ya zauna a ƙafafun biyu, kumburin tamowa ne mai tsanani, ko da igiya ta nuna kore.

Na uku, ya miƙa wa uwa igiyar ta auna da kanta a gabansa. Binciken da ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka yi a gundumar Mirriya tsakanin 2013 da 2014 ya nuna cewa uwayen da aka horar suna gano tamowa daidai da masu faɗakarwa. Shi ya sa ake cewa da ɗalibi aikinsa bai ƙare ba sai uwa ta iya ba tare da shi ba.

Abin da ku kaɗai za ku koya musu

Ɗalibi ya karanta cewa jariri nono zalla yake sha har wata shida, ko ruwa ba a ba shi, kuma dakashi shi ne rigakafinsa na farko. Abin da bai sani ba shi ne wa ke yanke shawara a gidanku, ko kaka ce ko maigida. Ku gaya masa. Ku gaya masa cewa sau da yawa ana ɗora zawo a kan fitar haƙori, ana ɗora rama a kan beli, har a tafi wajen wanzami kafin a zo likita. Ku sanar da shi watannin da hatsi ke ƙarewa, da abin da ake samu a kasuwar Kornaka ko ta Sabon Maci: wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, zogale, kuka da nono. Da haka zai koyi haɗa kunun da gida zai iya, maimakon lissafa abincin da babu.

Masu faɗakarwa, ku kai ɗalibi gaisuwa wajen mai gari da liman kafin ya shiga gidaje. Idan ya yi amfani da kalmar Faransanci, ku ba shi ta Hausa. Idan ya kuskure a ladabi, ku gyara masa a keɓe.

Uwaye, kada kunya ta sa ku ce kun gane alhali ba ku gane ba. Ku ce ya sake. Tambayarku ita ke nuna masa inda bayaninsa ya gaza.

Ku kuma sani cewa ɗalibi yana aiki ne ƙarƙashin kulawar majo, ba ya rubuta magani shi kaɗai. Maganin tamowa kyauta ne. Idan wani ya nemi kuɗi a kansa, ku sanar da majo ko kwamitin kula da likita.

Wannan ɗalibi, nan da ƴan shekaru, yana iya zama majon da za ku kai wa jikokinku. Ku auna damtsen yaranku a kai a kai, musamman da damina da bayan zazzaɓi ko zawo, kuma idan kun zo awo ku nuna masa yadda kuke yi. Allah ya raya mana yaranmu cikin ƙoshin lafiya.