Kula Da Kare Mai Roɗi-roɗi (Dalmeshiyan) A Gona

Gabatarwa

Masu gonaki da gidajen kiwon kaji a Gwagwalada, Kuje, Bwari, Kwali da Abaji sukan ajiye kare domin tsaron dukiyarsu. Daga cikin karnukan waje da ake sayarwa a Abuja akwai wani fari mai ɗige-ɗigen baƙi ko ruwan ƙasa, wanda ake kira Dalmeshiyan. Kyawun jikinsa kan sa a saye shi ba tare da an san halinsa ba, daga baya a yi asarar kuɗi da dabbar. Wannan bayani zai taimaka wa malaman gona wajen ba manoma shawara kafin su saya.

Asali da siffa

An samo sunan karen daga yankin Dalmeshiya da ke ƙasar Kuroshiya a nahiyar Turai. A Ingila an daɗe ana amfani da shi wajen rakiyar keken doki, yana gudu a gefen dawaki tsawon tafiya, yana kuma gadinsu idan an yada zango. 'Yan kwana-kwana a Amurka ma sun yi aiki da shi a zamanin da dawaki ke jan keken kashe gobara. Wannan ne tushen juriyarsa da son gudunsa.

Babba yakan kai nauyin kilo 20 zuwa 32, yakan kuma rayu shekara 11 zuwa 13. Ana haihuwar kwikwiyon fari fat, ɗigon yakan fara bayyana ne bayan kimanin mako biyu.

Halayensa

Kare ne mai kuzari da saurin koyo, mai shaƙuwa da ubangidansa. Yana yin haushi idan ya ga baƙo, don haka yana da amfani wajen faɗakarwa, amma ba ya cikin karnukan da aka tanada don kai farmaki. Yana buƙatar gudu na awa ɗaya zuwa biyu kowace rana. Idan aka ɗaure shi da sarƙa yini guda, sai ya koma tonon rami, tauna kaya da haushi ba dalili. A watannin Maris da Afrilu, lokacin tsananin zafi a Abuja, a fitar da shi da sassafe ko da yamma, a kuma tanadar masa inuwa, domin rana kan ƙona fatar hancinsa da kunnuwansa. A saba masa da kaji, awaki da yara tun yana ƙarami, idan ba haka ba zai riƙa korarsu da sunan wasa.

Matsala ta farko: kurumta

Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa kusan kashi 8 cikin 100 na waɗannan karnuka ba sa ji da kunnuwa biyu, kusan kashi 22 kuma ba sa ji da kunne ɗaya. Matsalar gado ce, ba ta da magani, ta kuma fi yawa ga masu shuɗin ido. Kurman kare ba zai ji motsin ɓarawo ba, ba zai ji tahowar mota ko tarakta ba, yana iya cizo idan aka taɓa shi yana barci. Kafin saye, a gwada kwikwiyo mai mako shida kamar haka:

1. A raba shi da 'yan'uwansa, domin kurma yakan bi motsin sauran.
2. A tsaya a bayansa inda ba ya gani, a tafa hannu ko a kaɗa makullai.
3. Kada a buga ƙafa a ƙasa, saboda yana jin girgizar a jikinsa.
4. Wanda ya motsa amma ya kasa gane inda ƙarar ta fito, mai yiwuwa kunne ɗaya ke gare shi.

Kada a yi barbara da kurman kare ko kurmar karya, ko da kunne ɗaya ne ya mutu.

Matsala ta biyu: tsakuwar mafitsara

A nan ne manoma suka fi yin kuskure. Akwai wani sinadari a cikin nama da ake kira furin. Idan jiki ya sarrafa shi yakan zama yurik asid, hantar sauran karnuka kuma takan juya wannan zuwa abin da ke narkewa cikin fitsari. Hantar Dalmeshiyan ba ta iya wannan aiki sosai, don haka asid ɗin kan taru a mafitsara ya dunƙule kamar tsakuwa. A shekarar 2008 masana suka gano ƙwayar halittar da ke jawo haka. Namiji ya fi shiga haɗari domin hanyar fitsarinsa siririya ce, tana saurin toshewa.

Al'adar watsa wa kare kayan cikin kaji bayan yanka tana cutar da wannan jinsi. A kiyaye waɗannan:

1. Kada a ba shi hanta, ƙoda, huhu ko kifin gwangwani.
2. A ba shi shinkafa ko tuwon masara tare da dafaffen ƙwai da tsokar kaza daidai gwargwado, babu albasa, babu dafaffen ƙashi.
3. Kwikwiyo ya ci sau uku ko huɗu a rana, babba sau biyu.
4. Kada kwanon ruwansa ya bushe, musamman da bazara da lokacin hunturu.
5. A riƙa sakinsa ya yi fitsari a kai a kai.

Idan aka ga yana yunƙurin fitsari yana fitowa ɗis-ɗis, ko da jini, ko ba ya fitowa sam, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Toshewar fitsari tana iya kashe kare cikin 'yan kwanaki.

Rigakafi da tsafta

A fara allurar rigakafin cututtukan kwikwiyo yana da mako shida zuwa takwas. Allurar ciwon haukan kare ana yin ta yana da wata uku, a sake ta kowace shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura. A ba da maganin tsutsar ciki duk bayan wata uku. A duba kunnuwa da tsakanin yatsu don cire kaska, musamman da damina, domin tana sa masa ciwon da ke shanye jini. Gashinsa yana zuba duk shekara, sai a riƙa taje shi sau biyu a mako.

Kammalawa

Manomin da ke da fili mai shinge, da mai fitar da kare gudu kullum, da halin ware masa abinci na daban, zai ji daɗin wannan kare. Wanda bai da waɗannan, karen gida da aka yi wa rigakafi ya fi masa sauƙi da jure yanayinmu. Don ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona ko ofishin likitan dabbobi mafi kusa.